Kafar Danga

An aike ni Dukku da sikeli da takarda,
in auno ko kuɗin nan na yin magani.
Gida arba'in ana ba su, arba'in ba a ba su,
ƙuri'a ce ta raba, ba ni ba.

Ta faɗa gidan Tasalla.
Sharaɗi biyu: yara su je aji,
jariri ya je awo duk wata.
Na zagaya damtsen Ɗanjuma da tef,
ya wuce ja, ya tsaya a kore.

Sau nawa kuka ci nama a mako?
Ta yi dariya: ƙashi yana cikin lissafi?

Bayan danga gidan Kande ne,
ita awo kawai ake mata, babu ko sisi,
da ita za a gwada a ga bambanci.
Na ɗora 'yarta a sikeli,
allura ta haura ta bara.
Na sauke, na sake ɗorawa. Haka dai.

Sai na hango kafa a jikin dangar,
daidai faɗin kwanon sha,
karan wurin ya yi santsi don wucewar hannu.
Kande ta sunkuyar da kai.
Tasalla ta ce, Malam, ƙamshin tukunya
bai san iyakar gida ba.

A Gombe za su debe wannan daga wancan,
su ce amfanin kaɗan ne.
Na juya takarda gaba da baya,
babu gurbin kafar danga.
Na rubuta nauyin yarinya yadda na gan shi,
na hau babur.