Kogi a Kan Tebur

Daren Laraba muka shimfiɗa taswirar Porto
kan teburin da man zaitun ya ɗiga.
Tomé ya ɗora yatsa kan kogin Douro:
"Nan zan kama kifi da hulata."
Benedita gadar ƙarfe take so,
ta tsaya tsakiya, ta saki ɓawon lemo,
ta ƙirga kafin ya taɓa ruwa.

Ni kuwa lissafi nake:
kuɗin jirgin ƙasa, ɗaki ɗaya, kwana huɗu,
matakalan Ribeira da keken jariri.
Gaspar ya ce, "In an zo hawa, sai a goya."
Wannan "a" ɗin, bayana ne.

Barci ya kwashe su kan taswira.
Yawun Tomé ya jiƙa unguwa guda;
kogi ya yi ambaliya
tun ba mu ɗaura kaya ba.