Bashin Ƙosai

Shekara goma sha ɗaya ina suya a ƙofar lakwal ɗin Fada,
nan Garwa, jikin katangar da ke kallon hanyar Pitowa.
Ban san baƙi ba, balle boko,
amma ranar rufewa ba sai an gaya mini ba:
wando wankakke, kai askakke,
ciki kuwa ba ya karɓar ƙosai.

Tun jiya suke ɗawainiya.
Sun jido bencina zuwa gindin dalbejiya,
sun share fili har ƙasa ta yi zanen tabarma.
'Yan aji ɗaya suna ta bitar waƙar coci,
wani gaba, wani baya, kamar awaki a kan gada,
Mushe Durandi ya dafe kai da hannu biyu.

Da hantsi aka kaɗa tsohon ƙarfen mota.
Fada ya fito, farar riga, takalmin roba,
ya soma kira daga na ɗaya.
Daga inda nake ba na jin suna,
tafi nake ji.
Na farko kamar ruwa a kan kwano,
yana raguwa,
yana raguwa har ya koma ɗigon indararo,
sannan shiru.
A cikin shirun nan mai ke ƙara a kaskona.

Sai ga su.
Sali ɗan mahauci ya ci kyautar lissafi,
littafi mai hoton makiyayi da ɗan rago a kafaɗa,
yana ta shawarar inda ubansa zai yarda a ajiye shi.
Matakon ya naɗe takardarsa ya cusa a safa.
Ban tambaye shi ba.
Na ƙara masa biyu, na ce gyara ne.

Jikin katanga kuwa akwai littafina.
Jawe ke rubuta mini, shekara uku,
da guntun allin da yake tsintowa bayan allo:
Pagu dala tara, tun Ista.
Tayiwe dala huɗu.
Matakon, layi biyu da rabi.
Yau ce ranar biya, kowa ya sani,
shi ya sa wasu suka bi ta ƙofar coci.

Jawe ya gama. Gobe motar Yagwa,
daga can, in ji shi, makarantar da ake zama Fada.
Ya tsaya yana haɗa mini jimla,
bai kai ƙasa ba gabas ta haɗe,
iska ta kwashe hular Mushe,
yara suka watse da bencina a ka.
Ruwan Yuni ba ya sallama.
Muna laɓe a rumfa muna kallo
Pagu ya zama farin ruwa,
Tayiwe ya bi shi,
layukan Matakon suka gangara kwata.

Ya ce, Inna Tasalla, duk suna kaina,
in ya ɗauke sai in mayar.
Na ce bar su,
wanda ya goge ya fi mu sanin lissafi.
Na juya ƙosai, na ce, naka fa?
Shekara uku ban ga ka rubuta ba.
Ko ban iya karatu ba, na iya ƙirga yara.

Ya sunkuyar da kai.
Ya fita cikin ruwan, ya danna alli a bango,
jiƙaƙƙen bango ba ya kama alli,
ya sake dannawa har guntun ya narke a yatsunsa.

Wata uku ba ƙarfe, ba ihu.
Zan koma tasha da kaskona,
can kowa hannu da hannu yake biya,
ba mai ce mini Inna, gobe.