Layi Shida a Bayan Kalanda

Daren jiya a Agege,
janareton maƙwabci yana ta tari,
na ja layi shida a bayan kalandar bara.

Janairu akwai zafi, zoɓo zai tafi.
Fabrairu ma haka.
A Maris na rubuta dubu tamanin,
na goge, na mayar sittin:
buri ba ya biyan mai ƙanƙara.

Afrilu Baba Alabi zai ƙwanƙwasa.
Hayar shekara. Ba ya jin "gobe".
Bashin da nake bin Gambo mai shayi
na sa shi a Mayu,
da fensir.

Yuni ruwa zai sauko,
titi ya koma tafki,
wa zai nemi sanyi?
Layin nan ya rame.

To, ribar Fabrairu,
yi zamanki cikin gwangwani.
Firjin da nake so
ya ƙara kwana a shagon masu shi.