Ramin Kuza

Mun bar Riruwai ana shafa addu'ar asuba,
mu huɗu, jaka ɗaya, da gardamar wa zai ɗauka.
Barau ya ce shi ne babba,
Jatau ya ce ai shi ya sayi gurasa.
Ta faɗo kaina, kamar kullum.

Raɓa ta jiƙa mu har gwiwa.
A gonar ƙarshe dawa ta sunkuyar da kai,
daga nan sai gamba, sai tsakuwa, sai hawa.

Sallau mai shagon caji
yana tafe da waya a sama, kamar mai roƙon ruwa.
A gindin wata ɗinya sabis ya yi masa sallama,
sai a lokacin ya fara duban inda yake sa ƙafa.

Dutse ba ya sauri, ba ya kuma ragi.
Kowane tudu ya rantse mana shi ne na ƙarshe,
mu hau, mu tarar da wansa tsaye a bayansa.
Barau da ya cika mana kunne da farautar kakansa
ya yi tsit tun hantsi,
ƙirjinsa kaɗai ke zance, kamar zugazugin maƙera.

Wani yaro ya wuce mu da awaki da takalmin roba,
yana shan tsada, yana tofar da ƙwallo.
Muka ce, "Da saura?"
Ya dubi takalman Sallau, su ma masu tsada,
ya ce, "Ga shi nan kusa."
Kusan nan nasa
sai da inuwa ta shige mana ƙarƙashin sawu.

Na zame kan gansakuka, gwiwa ta ɗaye.
Jatau ya tauna wani ganye ya manna mini,
bai faɗi sunansa ba, ban tambaya ba.
Birai uku bisa fa suna ta kallo,
ɗaya ya yi hamma.

Sai ga shi.
Mun dai zaga wani dutse, ruwa ya buɗe ido.
Kore a baki, baƙi a tsakiya,
gajimare kwance a ciki ba ya jiƙewa.
Zalɓe guda tsaye a gefe
kamar wanda aka bar wa gadi aka manta.
Sallau ya lalubi aljihu, ya fasa.

Su tafki suka gani.
Ni na san ramin kuza ne.
Babana na cikin waɗanda suka haƙa shi
da diga, da kwano a ka,
ran Asabar a auna, a biya, a ce gobe.
Ya sauko da tari, ya mutu da shi.
Ban taɓa jin ya ce wurin na da kyau ba,
"rami" kawai yake ce masa.
Damina ta bi damina tana mayar da abin da suka kwashe.

Ban ce musu komai ba.

Muka yi alwala, sanyin ya ratsa har haƙori.
Jatau ya zauna yana kore birai daga jaka
har muka sallame.
Gurasa ta bushe, ƙuli ya dagargaje,
ban taɓa cin abin da ya fi su ba.

Barau ya ɗauki dutse zai auna zurfi,
na riƙe hannunsa. Ya dube ni, ya ajiye.

Can cikin ciyawa na taka bakin wani kwano,
tsatsa ta cinye gindinsa, tsiro ya fito ta ciki.
Na kowa ne. Na bar shi inda yake.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa.
Daidai ɗinyar nan wayoyi suka farka gaba ɗaya,
tawa Inna ce.
"Kun kai? Ka ga ramin?"
Na ce, "Na gani, Inna. Ya cika."
Ta yi shiru, ina jin kaji a tsakar gida.
Ta ce, "To. Ku sauko kafin magariba."