Tsarabar Gujungu

Na sayar da riɗi tiya goma sha biyu,
na sayi gishiri da batir na rediyo,
canjin na tura a lalita.
Barira na gida, ƙafa cikin karan ɗori,
mako uku ke nan tana ƙirga azarar ɗaki.

Bayan 'yan tabarma, Mati ya baza buhu,
littattafan gwanjo, wasu ko bango babu.
"Waɗannan masu zane ne," in ji shi.
"Kowa rayuwarsa ya zana da hannunsa,
gida-gida kamar fangalin albasa,
maganar kuma tana rataye a saman kai."

Turancina bai wuce na kwalin magani ba.
Sai na tsuguna ina karanta fuskoki.

Na farko, yaro ne a ƙasar da ƙanƙara ke binne ƙofa,
shafi bakwai ba wanda ya gaishe shi.
Na ajiye. Kaɗaici ai tana da nata.
Na biyu, jirage da hayaƙi,
uwa da katifa a ka.
Mai karaya ba ta bukatar ganin gida ya karye.

Na uku ya sha ruwa, gefensa ya kumbura.
Wata yarinya ce mai cin shinkafa da tsinke biyu,
gidansu bisa ƙafafun katako, ruwa a ƙarƙashi.
Ga kakarta a bakin ƙofa da almuru
tana ƙirga agwagi, ta haɗe gira
sak Iya Gaje in kaza ɗaya ba ta dawo ba.
Dariya ta ƙwace mini har mai goro ya waiwayo.

A tsakiya akwai shafi,
suna durƙusa wa abin da ba mu durƙusa wa.
Mati ya ce, "Yage shi mana, wa zai sani?"
Na daɗe ina murza takardar.
Yaya za a yage wa mutum shekara guda daga ransa?
In ta tambaya, na zauna mu yi magana.

Kuɗin bai kai ba.
Na mayar da batir, rediyo ya huta mako guda,
abin da ya ragu na sayi fensir biyu,
don gawayinta ya gama da bangon zaure.

A bayan a-kori-kura, littafi cikin riga,
ina ta tunanin ranar da za ta zana namu,
rijiyar, da kukar, da ɗan akuyan da ya kayar da ita.
Ko a wane fangali za ta sa ni?
Allah sa ta manta da wawulona.