Lissafin Masassaƙi

Shekara arba'in ina haɗa jirgi a bakin Kwara,
nan Yauri, gangaren masu albasa.
In na ƙwanƙwasa katako na san abin da zai ɗauka:
wannan buhu talatin da mutum goma sha biyu,
wancan ko akuya kada a ƙara masa.
Ban taɓa yi wa ruwa ƙarya ba,
shi ma bai taɓa karɓe mini kowa ba,
sai Arzika.

Arzika da ya iya iyo kafin ya iya sallama,
mai nutsewa a wannan gaɓa
ya ɓullo a gungu da tarwaɗa a hannu.
Uwarsa takan ce, wannan in zai mutu sai dai a tudu.

Sau biyu ya je Abuja da takardu a leda.
Injin jirgina na sayar, na biyun kuma gonar fadama.
Suka karɓi kuɗi, suka mayar masa da fasfo,
wai ba su gamsu zai dawo gida ba.
Ashe sun fi ni sani.

Sai ya bi ta Kamba wata Lahadi,
Gaya, Doso, Agadas.
Daga can ya aiko murya a waya:
Baba, nan ruwa da kofi ake sayar da shi.
Muka yi ta dariya,
mu da kogi ke shigo mana ɗaki kowace damina ba sallama.

Wata bakwai. Tunau ɗan gidan Nomau ne ya kira,
muryarsa kamar ta fito daga tulu.
Jirgin roba ne, Baba, irin wanda ake hurawa.
Na ce, tsawonsa?
Ya ce, taku goma sha biyu, ko da ɗoriya.
Na ce, mutum nawa?
Ya ce, ɗari da ashirin, ban da goyo.
Na ajiye gizago.
Ba sai ya ƙarasa ba.

Amma ya ƙarasa.
Tun isha suke hangen fitilar wani babban jirgi.
Suka kira lamba, aka ce nan ba yankinmu ba ne, ku kira wata.
Waccan ta ce ku jira.
Jirgin ceto kuwa yana ɗaure a tasha,
hukuma ta riƙe shi kan wata takarda.
Ashe can har ruwa an ja masa layi,
kuma ɗana a kan layin ya faɗa.
Mutum uku ya kai ga ragowar robar,
ya koma ɗauko wata mai goyo.
Tunau ya yi shiru. Kati ya ƙare.

A nan in jirgi ya kife,
wa ke tambayar ɗan wane gari ne?
Sarkin ruwa zai yi kira, mai cin tuwo ya bar loma,
ko ɓarawon taru ne, sai an tsamo shi ake shari'a.
Mu da ba mu yi boko ba, abin da muka gada ke nan.

Mun yi masa salla, liman na fuskantar fili.
Likkafanin da na saya wa kaina na ɗauko,
na juya shi, na mayar akwati.
An ce akwai tsibirin da ake binne su da lamba maimakon suna.
Uwarsa kullum sai ta ce a tambayo mata lambar,
ko ta san abin da za ta riƙa kira.

Ɗazu da hantsi wani ya zo cinikin sabon jirgi.
Ya ce, mutum nawa yake ɗauka?
Na ce, goma sha biyu.
Ya ce, in an matsa fa?
Na dube shi, na dubi Kwara.
Na ce, ba na sayarwa ba ne.