Kalma Ɗaya, Buhu Bakwai

A 'Yar Kutungu, bayan la'asar,
rumfar Iya Hurera ta yi ja kamar garwashi.
Ni ina kan buhu da ƙamus a cinya,
gobe jarrabawa, kai ya ƙi ɗauka.

Sai ga wata mai bautar ƙasa,
ƙaton takalmi, hula a hannu,
ta dubi faifai, ta dubi tsohuwa,
ta ce, "Fefa."

Iya ta zungure ni da muciya:
"Kai ɗan boko, yau ranarka ce.
Me yarinyar nan take biɗa?"

Na ce, "Barkono."
Iya ta ɗebo, baƙuwa ta girgiza kai.
Na ce, "To, tattasai."
Ta sake girgizawa.
Attarugu? Shambo?
Gumi ya tsattsafo min a goshi.

Na buɗe littafi, na bi layi da yatsa.
Ashe Bature jaka ɗaya ya ɗinka,
ya zuba mai zaƙi, ya zuba mai harbi,
ya zuba masoro, baƙin ƙwaya,
wanda bai haɗa uwa da su ba.
Ja da kore, ɗanye da busasshe,
duk suna ɗaya suke amsawa
kamar 'yan gidan haya da ƙofa guda.

Iya ta yi dariya har goro ya faɗi.
"Wanda bai noma ba, shi ke gajarta suna.
Tattasai ango ne, ado ya iya, bai da faɗa.
Attarugu sai ya yi maka ƙamshi
kafin ya mare ka.
Tsidugu kuwa, ɗan mitsitsi,
shi ya sa kakanka kuka ranar suna
ya ce hayaƙi ne.
Masoro na mai jego ne, shi da kimba.
Yaya za ka kira su duka da baki ɗaya?
Ko awakina ban yi musu haka ba."

Ban ce komai ba.
Sai can a hanyar Ƙofar Guga na tuna
mu ma mun aiki kalma ɗaya gari biyu:
yaji yana kan tsire,
yaji kuma ya kwashe matar Ɗanlasan
ta kwana tara a gidansu.
Hayaƙin da 'yan sanda ke harbawa
ba barkonon tsohuwa muka ce da shi ba?

Amma ita baƙuwar, kafin nan,
ta gaji da ni da littafina.
Ta tsuguna, ta sa hannu a kwando,
ta ɗauki attarugu, ta kai hanci,
ta yi atishawa sau uku.

Iya ta ce, "Yawwa, ta faɗa."
Ta ƙulla mata na ɗari biyu,
ta ɗora gyara.